Ƙungiyar Matan Ƙauye: Asalinta, Akwatinta da Aikin da Take Yi wa Gari

Wannan lacca wata tsohuwar jami'ar raya karkara ce ta gabatar da ita a taron shekara na ƙungiyar matan wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Daga rikodin taron aka rubuto ta, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, iyayena mata, yayyena da ƙannena, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a kan tarihin ƙungiyoyin mata da abin da suke yi wa gari. Zan fara da tarihin, amma ba zan daɗe a kansa ba, don abin da ya fi damuna shi ne akwatin nan da ke gaban ma'aji da littafin da ke hannun sakatariya.

Haɗuwar mata don su taimaki juna ta girmi duk wata takardar rajista. Kakanninmu suna da biki. Ƙawarki ta haihu ko ta aurar da 'ya, ki kai mata gudummawa, ranar naki ta mayar miki har da ƙari, a yi ta ninkawa sai ya yi nauyi a koma ƙasa a sake farawa. Ba a rubutawa, amma babu wadda take mantawa. Suna kuma da adashi: a yi zubi wajen uwar adashi, kowace ta jira ranar kwasarta. Da shi aka yi kayan ɗakin 'ya'ya, da shi aka sayi akuyar farko. Irin amanar nan ce tushen duk abin da zan faɗa.

Ta fannin ilimi kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. A kowane yanki tana naɗa dattijuwa amintacciya a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa. Jajin ta jagoranci matan ƙauyensu, galibi tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su je wajen Nana su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da waɗanda aure da raino suka hana fita. Ba karatu kaɗai suke yi ba, suna duba marasa lafiya, suna sasanta mata, suna yi wa mamata mata sutura. Duk wanda ya ce muku ƙungiyar mata baƙon abu ce da aka kawo mana daga waje, ku ba shi wannan tarihin.

Daga baya siyasa ta shigo. Hajiya Gambo Sawaba ta jagoranci matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri saboda neman 'yancin mata, kuma matan Arewa ba su kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai 1979. An kafa Jam'iyyar Matan Arewa a 1963. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, a lokacin mu ma a Jihar Kano muke, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Iyayenmu da yawa a ajin yaƙi da jahilci suka fara riƙe alƙalami. An kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko, ƙungiyar ta buɗe makarantu da asibitoci. A 1993 Hajiya Salamatu Garba ta kafa ƙungiyar WOFAN a Kano don mata manoma.

Akwai guda ɗaya da nake so mu tsaya a kansa. A 1987 Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin Better Life don matan karkara. An kafa ƙungiyoyi birjik, an raba injinan niƙa da kekunan ɗinki, an gina cibiyoyin mata. Niyya mai kyau ce, kuma wasu sun amfana. Amma ku zaga ƙauyuka ku tambaya ina injinan. Gwamnati ta sauya, wani shiri ya zo a 1994 da wani suna, yawancin ƙungiyoyin suka watse. Dalilin a fili yake. An tara mata ne don su karɓi kaya, ba su zuba ko sisi ba, babu wadda ta ware kuɗin gyara. Ranar da bel ya tsinke, kowa ya ce na gwamnati ne, a jira gwamnati. A daidai lokacin kuma adashin cikin gidaje bai fasa ko mako ɗaya ba.

Tsarin akwatin da kuke amfani da shi ma daga ƙasar Hausa ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan ƙauyukan Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, da sunan Mata Masu Dubara. Adashi suka ɗauka suka gyara masa zama, yanzu ana yin sa a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Bari in warware yadda yake, don wurin da ake kuskure a ciki yake.

Yawan mata kada ya gaza 15, kada ya wuce 25 ko 30. In kun haura haka, ku rabu gida biyu, kowanne da akwatinsa. Taron mata 60 ba a iya ƙirga kuɗi a gaban kowa, kuma da zarar wasu sun daina gani da idonsu, zargi ya shigo. Su kansu matan su zaɓi junansu. Kada mai unguwa ko wani jami'i ya rubuto sunaye, domin wadda ta san halin maƙwabciyarta wajen biyan bashi ita ce maƙwabciyar.

Shugabanni biyar ne: shugaba, sakatariya mai riƙe littafi, ma'aji mai ajiye akwati, da masu ƙirga kuɗi biyu. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku. Makullan uku suna hannun wasu mata uku daban waɗanda ba sa cikin shugabanni, kuma ba gidansu ɗaya ba. Ma'aji tana da akwati ba ta da makulli, masu makulli ba su da akwati. Wannan tsari ma'ajin yake karewa kafin kowa. In maigidanta ya matsu ya ce ta ara masa zuwa ranar kasuwa, sai ta nuna masa kwaɗo uku, magana ta ƙare ba tare da ɓacin rai ba. Kada kishiyoyi biyu ko uwa da 'ya su riƙe makulli tare. Kuma duk shekara a sake zaɓe, ko da waɗanda ke kai za a mayar.

Zubi kuma da hannun jari ake yin sa. A ce kun yanke hannu ɗaya naira 500 ne. Kowane mako mace za ta iya zuba hannu ɗaya zuwa biyar, ba ta wuce biyar. Hikimar iyakar ita ce kada matar mai hali ta mamaye akwatin ta zama ita ke juya kowa. Kowace tana da ɗan littafinta, a buga mata hatimi ɗaya a kan kowane hannu, don wadda ba ta yi boko ba ma ta iya ƙirga nata. Littattafan a cikin akwati suke kwana. Kafin a rufe, masu ƙirga su faɗi abin da ke ciki da ƙarfi, kowa ta maimaita. Mako mai zuwa kafin a buɗe, shugaba ta tambaya: nawa muka bari? A faɗa, sannan a buɗe a ƙirga. In an sami bambanci ko na naira 50 ne, ba a ci gaba sai an gano inda ya shiga.

Rance: mace ba ta karɓar fiye da ninki uku na abin da ta zuba, kuma ta biya cikin wata uku. Ta faɗi a gaban kowa abin da za ta yi da shi. A nan sai na yi magana a gaban Malam Liman. A wasu wuraren ana ɗora kaso goma cikin ɗari a kan rancen duk wata. Wannan riba ce, kuma ita ta sa mazaje da yawa suka hana matansu shiga, da gaskiyarsu. Hanya biyu ce mafita. Rancen lalura, kamar magani, a ba da shi a mayar da shi yadda yake. Na sana'a kuwa, ƙungiya ta sayi kayan da kanta. A ce mai ƙuli-ƙuli tana son buhun gyaɗa. A wakilta mata biyu su sa a sayo shi a kasuwa, misali a kan naira 80,000, ya shigo hannun ƙungiya, sannan a sayar mata a kan 88,000 ta biya cikin wata uku. Sharaɗin shi ne kayan ya zama mallakar ƙungiya kafin a sayar, kuma kuɗin da aka yanke ba ya ƙaruwa ko ta makara. In kuka miƙa mata tsabar kuɗi kuka ce ta je ta saya ta dawo da 88,000, kun koma gidan jiya. Ku zauna da malamanku su duba muku ƙa'idar kafin ku rubuta ta.

Bayan wata tara zuwa shekara, a karɓo duk basussuka, a zazzage akwati a raba. Lissafin ba shi da wuya. A ce hatiman kowa da kowa sun kama 3,000, kuɗin da ke ƙasa kuma naira 1,800,000. A raba kuɗin da yawan hatimai, kowane hannu ya zama 600. Wadda take da hatimi 120 ta zuba 60,000, za ta ɗauki 72,000. Ku sa ranar rabo ta faɗo inda kuɗin zai yi amfani: gab da damina don taki da iri, ko da kaka lokacin da gyaɗa da riɗi da shinkafa suke araha. Ƙungiyar da ta ce ba za ta raba ba, a bar kuɗi ya yi ta taruwa, ita ce ake wayar gari littafi ya rikice babu mai iya warware shi.

Kada kuma ku bar kuɗi mai yawa ya kwanta a akwati. Kun ga abin da ya faru a farkon 2023 da aka sauya takardun naira, masu ajiya a gida suka yi ta layi a banki da tsofaffin kuɗi. Ga gobara, ga ɓarawo, ga ambaliya irin ta 2022 da ta ci gidaje a ƙasar nan. Sannan tsadar kaya tana cin kuɗin da ke kwance. In ya taru, ko ya fita rance, ko a sayi hatsi a ajiye, ko a kai asusun banki mai sa hannun mutum uku. Don buɗe asusun za a nemi takardar rajista. Ku fara da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, in kuma kuna so ku zama ƙungiyar gama kai, jami'in gama kai zai nemi sunayen aƙalla mutum goma, da dokokinku a rubuce, da bayanin zaman da kuka yi.

To, ina aikin gari a cikin wannan duka? Yana cikin wata 'yar jaka ta biyu da ke cikin akwatin, asusun taimako. Wannan kowa daidai take zubawa, mai hali da marar hali. A ce naira 200 duk mako. Mata 25, naira 5,000 ke nan a mako, 260,000 a shekara. Ba a ba da rancen sana'a daga cikinsa, ba a raba shi ranar rabo, ba a taɓa shi don anko. Ku rubuta abin da yake yi tun kafin lalura ta zo: haihuwa da ta zo da matsala nawa, rasuwa nawa, gobara nawa. In ba a rubuta ba, ranar da aka ba wata 10,000 aka ba wata 5,000, ƙungiya ta rabu biyu.

A ganina babu inda kuɗin nan ya fi amfani kamar wajen haihuwa. Abin da ke kashe mata a ƙauye yawanci jinkiri ne: a makara wajen gane akwai haɗari, a makara wajen samun mota, a makara wajen samun jini. Duk ukun ƙungiya tana da abin yi. Kowace mace a nan ta haddace alamomin: zubar jini da ciki ko bayan haihuwa, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu da gani dishi-dishi, jijjiga, naƙudar da ta wuce awa 12, hannu ko ƙafa ko cibiya ta riga kai fitowa, mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan rabin awa, zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa. Ko ɗaya aka gani, ba a jiran rubutu, ba a jiran gari ya waye. Jinin bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Doguwar naƙuda kuma ita ke kawo yoyon fitsari, saboda kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Ana yin aikinsa a asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke tun 2008, amma hana shi ya fi gyaran sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga abin da za ku yi. Sakatariya ta riƙe sunan duk mai ciki a unguwa da watan da ake sa ran haihuwarta, na cikin ƙungiya da wadda ba ta ciki. Da ciki ya kai wata bakwai, dattijai biyu su je su gaida maigidan, su roƙe shi ya ba da izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa, cewa in abu ya taso ba ya nan a wuce da ita asibiti. Ranka ya daɗe, a nan muke neman bakinka, don mace tana iya zubar da jini a ɗaki ana ta neman layin mijinta yana Legas ko Fatakwal ci-rani. Ku yi magana da direbobi biyu ko uku na tasha, ku ajiye lambobinsu a wayoyi da yawa, ku yanke kuɗin mota tun da rana tsaka, don cinikin ƙarfe biyun dare ba ciniki ba ne. Kuɗin man tafiya ɗaya ya zauna cikin ambulan na takarda a wajen shugaba, a waje da akwati, tunda ba za a tara masu makulli uku cikin dare ba. Duk mako ta nuna shi a taro. Sannan a sami samari da magidanta da za su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta, in an tashi tafiya biyu su bi motar. Ungozoma kuma ku jawo ta jiki, ku ba ta ɗan abin goro duk lokacin da ta raka mace asibiti. In rakiyar tana nufin ta rasa abin da take samu, ba za ta yi saurin cewa a tafi ba.

Sai yara. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. A auna tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake, kada a matse kada a saki. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti ranar nan. Rawaya, 11.5 zuwa 12.5, yaro yana kan hanya, a gyara abinci a kai shi a duba. In ƙafafu biyu sun kumbura, kin danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, shi ma asibiti ko tef ya nuna kore. Garin kunun da ake koyarwa kuwa duk kayansa a gonakinku suke: kwano 6 na gero ko dawa ko masara, kwano 3 na waken suya, kwano 1 na gyaɗa. A jiƙa waken, a cire ɓawon, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a niƙa. Inda ake kuskure biyu ne: waken da bai soyu ba yana kumbura ciki yaro ya ƙi sha, gyaɗar da ta yi funfuna kuma guba ce, a tsince ta a zubar. A dama shi da kauri. Kunu tsararo cika ciki kawai yake yi. Lokacin da ya fi tsanani shi ne tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa ga zazzaɓin cizon sauro, don haka ku sayi kayan tun da kaka.

Maganar famfon tuƙa-tuƙa ba zan ja ta ba. Mata da yara ke ɗiban ruwa, su suka fara sanin ya fara nauyi. Yawanci robar ciki ce ta cinye ko sarƙa ta bushe ba maiko, gyaran kuɗi kaɗan. In aka bar shi har sandar famfon ta tsinke ta faɗa rijiya, sai a shekara ana shan ruwan kududdufi. Ku karɓi wani abu ƙanƙani daga kowane gida duk wata, a littafi daban, ku san makanikin da za ku kira.

'Yan siyasa za su zo, musamman in zaɓe ya matso. Wanda ya kawo gudummawa a karɓa a gaban kowa, a rubuta, a yi masa godiya. Amma kada ƙungiya ta ɗauki tutar jam'iyya, don a cikinku kowace da inda take, kuma wanda ya faɗi zaɓe da ƙungiyar yake faɗuwa. In an ba ku inji, kafin a tayar da shi ku yanke wa zai riƙa aiki da shi, nawa ne ladansa, kuma kashi nawa na cinikin kowace rana za a ware don mai da gyara. Haka masu zuwa su ce a kawo kuɗin fom za a ba da tallafi: kada a fitar da ko naira sai an tambaya a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Bayan laccar wata dattijuwa ta tambaya: in mace ta ci bashi ta rasu, ko aka sake ta ta koma garinsu, yaya za a yi?

Inna, wannan tun ranar farko ake rubuta shi. Kowace mace ta faɗi wanda za a miƙa wa kuɗinta in ta rasu, shi kuma ya kai wa magada a raba yadda shari'a ta ce. In da bashi a kanta, a fara cirewa daga zubinta. Abin da ya saura, a sanar da magada cikin mutunci bayan an share makoki, tunda ana biyan bashi kafin rabon gado. In babu abin da ta bari, ƙungiya ta zauna ta yafe, ko asusun taimako ya ɗauka, kowa ta ji ta amince. Wadda aka saka kuwa, kada a bi ta da rashin mutunci, tana cikin abin da ya ishe ta. A cire daga zubinta, ragowar a tsara mata biya kaɗan-kaɗan ta hannun wadda ta tsaya mata. Shi ya sa duk rancen da ya wuce abin da mace ta zuba, sai wata 'yar ƙungiya ta tsaya mata, an rubuta sunanta a gefen na mai karɓa, ta dangwala yatsa.